Gangamaun da Ya Kwantar da Zainaba

Ina farawa da godiya ga Allah, shi ya kwantar da matata kuma shi ya tashi kafaɗunta. Ni ba mai rubutu ba ne. Aikina sudur, haɗa ƙarfe da wuta, a tashar kuran, wato wutar lantarki, ta Anu Araren. Can nake kwana tsakiyar mako, in gangaro Agadas wajen iyali ran Juma'a da yamma. Abin da ya zaunar da ni na rubuta wannan shi ne, tun da Zainaba ta miƙe mata ke shigowa gidanmu yi mata barka, kuma in sun fita kowace da irin labarin da take kaiwa gaba. Wata ta ce jifa aka yi mata. Wata ta ce gangamau guba ne, a daina sa shi a miya. Duka biyun ba haka ba ne. Ga yadda abin ya faru, ni na gani da idona.

Zainaba masa take soyawa a ƙofar gida, tun yaranmu suna ƙanana. Shekara da shekaru tana tsugune gaban tanda daga asuba har hantsi, sai gwiwoyinta suka gaji. Suka fara kumburi, in za ta tashi sai ta dafa bango. Daga baya salla ma sai a kan kujerar roba. Ciwon tana daure masa, amma kujerar nan ita ce ta fi cin ranta. Takan ce ji take kamar baƙuwa ce a kan dardumarta.

Tana da ƙane ɗaya, Alhasan, ita Lasan take ce masa. Mahaifiyarsu ta rasu yana goye, Zainaba ce ta ƙarasa renon sa, shi ya sa har yau da furfura a gemunsa yana durƙusawa in zai gaishe ta. Haƙar zinariya yake yi a Cibarakatan, can kusa da iyakar Aljeriya. Kafin azumin bara ya sauko hutu, ya buɗe jakarsa a tsakar gida ya fito da wasu fararen kwalaben roba. Ya ce wani abokin aikinsa mai ciwon baya ne ya nuna masa su, ƴan kasuwar da ke zuwa daga Tamanrasat ke kawowa. Na karɓi ɗaya na duba. Rubutun Faransanci ne, da hoton saiwar gangamau da ƙwayoyin masoro a jikinta.

Zainaba ta yi dariya har da tafa hannu.

"Lasan, gangamau ka ɗauko mini tun daga bakin Aljeriya? Ga shi can cike da gwangwani a madafa."

"Yaya, wannan daban ne," in ji shi. "Na gwangwani wucewa yake yi kawai. Wannan an haɗa shi yadda jiki zai kama shi. Ki gwada dai, don Allah."

Ta gwada, kuma dole in faɗi gaskiya, ta ji daɗinsa. Bayan ƴan makonni kumburin ya ragu. Wata safiyar Asabar, ana gab da shiga azumi, na dawo daga masallaci na tarar da kujerar roba a jingine waje. Na leƙa ɗaki, ga Zainaba a ƙasa, goshinta a kan darduma. Da ta sallame, hawaye kawai take sharewa da bakin mayafi. Lasan ya riga ya koma daji a lokacin, bai ga wannan ba.

Azumin nan kaf ba ta fasa zuwa asham ba. Da yake tsayuwar tana da tsawo, sai ta ƙara yawan ƙwayar a kan abin da aka rubuta a kwalba, tana sha da sahur tana sha da buɗa-baki. Sannan wata murya ta yi ta yawo a salular matan unguwa, wata mata tana bayanin cewa gangamau ba ya shiga jiki sosai sai da masoro da maiƙo. Sai Zainaba ta ƙara da dama garinsa a madara mai ɗumi, da dakakken masoro da ɗan man shanu. Ina gani, wani lokaci ma nakan kurɓa. Ba wanda ya kawo komai a ransa. Kayan miya ne, da shi muka tashi.

Bayan ƙaramar salla ne jikinta ya fara sauyawa. Makon farko gajiya ce kawai. Muka ce ragowar azumi ne da zafin bazara, don a lokacin ko bango ka taɓa da rana sai ya ƙone ka. Na koma aiki. Da na dawo Juma'a ta gaba sai na ga ƙofar gida wayam, ba tanda ba murhu. Ta ce warin mai ke tayar mata da zuciya. Matar da ta yi rabin rayuwarta cikin hayaƙin man gyaɗa, yau ko maƙwabta suka ɗora suya sai ta toshe hanci ta shige ɗaki. Muka ce masassara ce. Na je farmasi na sayo maganin palu, wato zazzaɓin sauro, da parasitamol, ta shanye, ba abin da ya ragu.

A mako na uku ta faɗa mini, tana jin kunya, cewa fitsarinta ya yi duhu kamar shayin farko. Ga ƙaiƙayi ya taso mata a tafin hannu da ƙafa da baya, tana susa har fata na fashewa, amma ba ƙurji ko ɗaya. Da safe ta fito tsakar gida za ta yi alwala, hasken rana ya bugi fuskarta, na dube ta da kyau. Farin idonta ya koma kamar gwaiduwar ƙwai.

Kafin azahar gida ya cika. Gwaggo Hadi, ƙanwar mahaifinta da ke zaune a tsohon gari, ita ta fara isowa da sandarta. Ta ɗaga fatar idon Zainaba da yatsa ta ce, "Shawara ce, ba wani abu ba. Na yi jinyar irinta ba adadi." Ta koma gida ta dawo da tulu cike da jiƙo, saiwar rawaya da wasu sassaƙe, kuma a ciki har da gangamau, don a ganinta abin da ya yi kalar ciwon shi ke fitar da shi. Maƙwabcinmu ya aika daji aka kawo nonon raƙumi. Wata ta ce rake, wata ta ce a hana ta gishiri, wani dattijo ya ce a kira mai sakiya ya ɗora mata wuta a ciki. Wannan kam na ce a'a. Da wuta nake aiki kullum, na san abin da take yi wa ƙarfe ma balle fata. Duk mutanen nan don ƙauna suka zo, ban manta ba, kuma Allah ya saka musu. Amma bayan kwana biyu ana ɗura mata jiƙo tana amayarwa, na kira shef ɗina na wurin aiki na roƙi konje, wato hutu, na sa ta a mota muka tafi asibiti.

A nan ina da ƙorafi, kuma zan yi shi. Mun isa da sassafe, ba mu ga lokotoro ba sai da rana ta take. Benci bai ishi mutane ba, Zainaba a ƙasa ta kwanta a kan zanenta, ina yi mata fifita da kwali. Da aka rubuta mana analiz, wato gwajin jini, rabin gwajin aka ce babu kayan yin sa, sai mu je labo na kuɗi a cikin gari. Na hau kabu-kabu na kai jini can, na dawo, aka ce ai an manta da guda, a sake ɗiba. Mutum yana fama da tsoro a ransa, ana kuma aika shi gabas da yamma cikin wannan rana. Abin da aka kashe ba zan tsaya lissafa shi ba, ya dai girgiza gidan.

Majo, wato babban mai jinya da ya karɓe mu, ya tambaye ta, "Mama, kina shan wani magani?"

Ta ce, "Babu, sai na masassara da maigida ya sayo. Sai jiƙon Gwaggo."

Ya ce a dakatar da jiƙon da parasitamol. Ya rubuta, muka wuce. Ni da ita ba wanda ya tuna da fararen kwalaben nan, don a kanmu ba sa cikin abin da ake kira magani.

Lokotoron da ta riƙe mu mace ce, ba ta kai ƴarmu ta fari a shekaru ba, daga maganarta ka san ƴar wajen Tawa ce. Da sakamako ya fito ta ce ba palu, ba ciwon hantar nan da ake ɗauka ta jini, eko kuma, wato hoton ciki, bai nuna tsakuwa ko ƙari ba. Na ce alhamdu lillahi. Ta ce in dakata tukuna. Ta nuna mini wata lamba ta ce sunanta transaminaz, ita ke faɗin yadda hanta ke shan wahala, kuma ta Zainaba ta yi sama ƙwarai. Kalmar nan ta zauna mini a kai har yau. Ta ce hantar tana ƙonewa, amma ba ta san mai hura wutar ba. Aka ba mu gado.

Ƴarmu Halima tana Arlit, jego take yi, ba halin tasowa. Sauran yaran maza ne kuma suna nesa. Sai jinya ta faɗo kaina da Gwaggo Hadi, ita ta kwana, ni in karɓe ta da safe. Ɗakin mata ne, ranar farko duk suka yi ta jan mayafi suna kallona. Kafin mako ya zagayo sun saba, har suna aike na. Na koyi dama kunu ba gudaji, bayan na ɓata gari mai yawa. Na koyi wanke zane in shanya a igiyar bayan ɗaki tsakanin na mata. Wata mai jinya ta nuna mini in yanke wa Zainaba farce, in riƙa jiƙa tsumma da ruwan sanyi ina goga mata a baya maimakon susa. In kuran ya ɗauke, iska ta tsaya, sai wata tsohuwa a gadon ƙarshe ta ɗaga murya ta ce, "Malam, ka baro aikinka ka zo nan kana dama kunu, ga shi mun shiga uku." Duk ɗakin a yi dariya, har Zainaba takan murmusa. Allah ya ji ƙan tsohuwar nan, ba ta fita daga asibitin da ƙafarta ba.

Duk wannan lokacin, safe da yamma, Zainaba takan kwance bakin zanenta ta ɗauko ƙwayar gwiwarta ta haɗiye. A gabana, a gaban Gwaggo, a gaban kowa. Ba ɓoyewa take ba. Ta ce ciwo ɗaya ya ishe ta, kada na gwiwa ya dawo ya haɗu da wannan.

A mako na biyu a asibiti aka sake ɗibar jini, lambar ta ƙara hawa. Yanzu ba ido kaɗai ba, har fatarta da tafin hannunta sun rine. Lokotoro ta kira ni waje, muka tsaya a inuwar bango.

"Baba, zan faɗa maka gaskiya," ta ce. "In ka ga ta fara magana ba kan gado, ko barci ya yi mata nauyi da rana har tashin ta ya yi wuya, ko dasashinta ya fara jini, ka neme ni nan take. In ya kai haka, nan ba mu da abin da za mu yi mata, sai Yamai."

Na san hanyar Yamai. Na san yadda take karya mai lafiya ma. Na dubi ƙofar ɗakin na kasa shiga, sai na zagaya bayan masallacin asibiti na zauna a kan wani dutse har aka kira la'asar.

Zainaba ba yarinya ba ce, ta karanci fuskata da na dawo. Ta bari Gwaggo ta fita alwala, sannan ta ce in matso. Ta fara faɗa mini wa za a ba tandarta, da zannuwan da ta ajiye wa jaririyar Halima a ƙasan akwati.

Na ce, "Ki bar wannan maganar."

Ta ce, "Malam, ka saurare ni. In Allah ya yi ikonsa, kada ka bari Lasan ya ji a salula, shi kaɗai a cikin dajin nan. Ka jira ya sauko ka faɗa masa da bakinka. Ba shi da wata uwa."

Na ce to. Na jiƙa tsumma na ci gaba da goga mata a baya don kada ta ga idona.

Yadda Allah ya kawo mafita, ba dabarar kowa ba ce. Wata safiya lokotoro tana zagaye, ta duba idon Zainaba, ta latsa cikinta, har ta juya za ta wuce gado na gaba. Sai Zainaba ta ce, da ƴar muryar da ta rage mata, "Lokotoro, in tambaye ki. Ƙwayar gwiwata ta kusa ƙarewa. Ana samun irinta a farmasin nan garin?"

Lokotoro ta tsaya cak. "Wace ƙwaya, Mama?"

Zainaba ta kwance bakin zane ta miƙa mata kwalbar. Ta karanta gaba, ta juya ta karanta baya, ta buɗe ta shinshina. Sai ta ajiye takardun hannunta ta zauna a bakin gadon, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta tambayi tun yaushe, guda nawa a rana, da me take haɗawa. Zainaba ta faɗa mata duka, har da madara da masoro da man shanu. Ina jiran faɗa, don na ga yadda ake yi wa mutane tsawa a wurin nan a kan abin da bai kai wannan ba. Ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Mu muka tambaye ki ba daidai ba. Mun ce wane magani kike sha. Da cewa muka yi me da me kike haɗiya."

Sannan ta yi mana bayani da Hausa sarai, yadda har Gwaggo ta gane. Ta ce gangamaun da ake barbaɗawa a miya, kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa ke shiga jini, sauran hanji yake bi ya fice, kuma ɗan abin da ya shiga hanta na share shi da sauri. Masu yin ƙwayar nan sun san haka, shi ya sa suke tatso ƙarfinsa su tara a ƙwaya guda, su haɗa da ƙarfin masoro, wanda ke hana jiki saurin fitar da shi. Sai ya shiga da yawa kuma ya daɗe. Ta ce mai yiwuwa shi ya sa gwiwar ta ji sauƙi, don ana ganin yana rage kumburi ga wasu. Mutane da yawa suna sha ba abin da ke samun su. Amma akwai waɗanda hantarsu ba ta ɗaukar sa, kuma ba a gane su a fuska kafin abin ya faru.

"In abu yana da ƙarfin da zai taɓa gwiwa, Mama, yana da ƙarfin da zai taɓa hanta," ta ce. "Bon. Ba zan rantse muku cewa shi ne ba, ba ni da gwajin da zai nuna haka. Amma mun nemi komai ba mu samu ba, sai wannan. Daga yau ko ɗaya kada ki ƙara. Mu ga abin da hantar za ta ce."

Gwaggo Hadi ta gyara zama. Da ma ranta bai so yadda aka hana jiƙonta ba, kuma daga baya na gane takan ɗan ba Zainaba kurɓi in ba kowa.

"Ƴar nan," ta ce, "gangamaun da kakanninmu suka ci suka tsufa, shi ne yau ya zama abin tsoro?"

"Gwaggo, na miya ki ci gaba da sawa, ni ma ina sawa a shinkafata. Kakanninmu ba su taɓa haɗiye na wata guda a rana ɗaya ba. Amma ita, har ta warke, ko jiƙon a bar shi."

Gwaggo ta sunkuya. Ta ɗauki ƴar gorar jiƙon da ke ƙarƙashin gado ta fita da ita. Washegari ta dawo da farin kunu, ba komai a cikinsa, ta ajiye da ƙarfi ta ce, "Ga shi nan, ko shi ma sai an kai labo?" Tun daga ranar ba ta sake kawo wani sassaƙe ba, kuma duk wanda ya shigo dubiya da ƙullin magani, ita ke tare shi a ƙofa.

Kada wanda ya karanta wannan ya zaci da an daina sai sauƙi ya zo. Kwanakin farko ba abin da ya sauya, idon ma kamar ƙara rinewa ya yi. Na fara cewa a raina yarinyar nan ta yi kuskure, muna zaune lokaci na wucewa. Lokotoro ta ce in yi haƙuri, hanta ba ta sauri. Da aka ɗebi jini a mako na gaba, ta shigo ɗakin da takardar a hannu tana murmushi tun daga ƙofa. Lambar ta fara sauka.

Ni kuwa ba a takarda na ga dawowar matata ba. Wata safiya ta ce tana marmarin masa. Na fita da sauri na sayo a bakin asibiti, tana zafi. Ta gutsura, ta tauna a hankali, ta yamutsa fuska.

"Wannan ƙullun bai kwana ba," ta ce. "Kuma mai suyar ta cika yis. Wa ya koya mata?"

Tsohuwar gadon ƙarshe ta ce, "Malam, je ka nemo mota, matarka ta warke."

Ba a sallame mu ranar ba, sai da aka ƙara kwanaki. Bayan mun koma gida muka riƙa zuwa ana ɗibar jini lokaci lokaci. Fitsari ne ya fara washewa, sannan cin abinci ya dawo, ido ya yi ta haske a hankali. Ƙaiƙayi shi ya fi daɗewa. Akwai maƙwabciyarmu da Zainaba ta ɗiba wa ƙwayar nan ta sha kusan wata guda. Muka sa ta je aka duba ta, ba a sami komai ba, hantarta lafiya lau. Na faɗi wannan don a san ba kowa yake kamawa ba. Mu dai ya kama mu.

Gwiwa kuma ta dawo da ciwonta, kamar da ma jira take. Kujerar roba ta koma kan darduma. Ranar da ta fara salla a kanta Zainaba ta daɗe zaune bayan ta sallame. Lokotoro ta tura ta wajen masu motsa gaɓoɓi, suka koya mata yadda za ta riƙa miƙe ƙafa da lanƙwasawa kullum, suka ba ta na shafawa. Ni kuma na samo ƙarafa na haɗa mata murhu mai tsayi, yadda za ta soya masa tana zaune a kujera ba tsuguno. Ta ce ya yi tsawo, na rage. Ta ce ya yi gajere. A karo na uku ta yi shiru, na san ya yi.

Abin da nake roƙon duk wanda wannan ya isa gare shi kaɗan ne. In an tambaye ka a asibiti me kake sha, ka zazzage komai a gabansu, na kwalba da na ƙulli da na kofi, ko da sunansa kayan miya. In kana shan irin ƙwayar nan, kada ka wuce abin da aka rubuta, kuma in fitsari ya yi duhu ko abinci ya fita ranka, ka dakata ka je a duba ka, kada ka jira ido ya rine. Ina gode wa lokotoron nan da ta zauna a bakin gado maimakon ta yi tsawa, da masu jinya, da Gwaggo Hadi da ta kwana a tabarma da tsufanta, da abokan aikina da suka riƙe mini wurina. Allah ya biya kowa.

Saura Lasan. Inda yake salula ba ta cika kamawa ba, kuma Zainaba ta hana a nemo shi. Amma labari ya hau mota ya je masa, kuma ya je a karkace. Wani direba ya ce masa maganin da ya kai wa yayarsa ne ya kusa kashe ta. Ana saura kwanaki babbar salla aka ce mini an gan shi a gari, yana kwana a shagon wani abokinsa kusa da tasha. Na je na same shi. Ya rame, ya yi baƙi, da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai.

"Yaya, da wane ido zan dube ta?" ya ce. "Ita ta goya ni. Ni kuma na ɗauko abu da hannuna na ba ta."

Na ce, "Tashi mu je. Ita ta aiko ni, kuma ka san ba a dawo mata ba aike."

Ya biyo ni har gida, amma a zaure ya tsaya, ya zauna a ƙasa ya ƙi shiga. Na shiga na faɗa mata. Na ce bari in sake gwadawa, ta ce in bar shi. Ta dafa bango ta miƙe, ta taka a hankali har zauren, ina bin ta a baya. Da ya ji tafiyarta sai ya rufe fuska da rawaninsa, kafaɗunsa suna rawa. Ta tsaya a kansa.

"Lasan, ɗago ka dube ni. Ka ga idona? Fari ne ko ba fari ba?"

Ya ɗago da ƙyar. "Fari ne, Yaya."

"To. Ni na ƙara yawan ƙwayar, ba kai ba. Kuma ka saurara. Shekara nawa ina salla a zaune kamar mai jiran mota. Kai ka sa na yi azumi guda cur goshina a ƙasa. Wannan na riga na samu, ba mai karɓe mini shi." Ta bari ya share fuska, sannan ta duba gefensa, dama da hagu. "Ina tsarabata?"

"Ban kawo komai ba, Yaya. Na ji tsoro."

"Ka sauko daga daji ka shigo gidana hannu biyu? Tashi ka koma."

Ya dube ni, na ɗaga kafaɗa. Ya tashi ya fita. Kasuwa ba nisa, muka zaci yanzu zai dawo. Aka yi azahar ba Lasan. Abinci ya huce. Zainaba ta fara leƙen ƙofa tana cewa ko ta yi masa tsauri da yawa. Sai bayan la'asar ya yi sallama, gumi ya jiƙa masa riga, da ƙullin dabinon Ingal a hannu. Ta ce ina ya tsaya tun safe.

Ya ce dabinon tun da hantsi ya saye shi. Asibiti ya wuce da shi, ya bi layi tare da marasa lafiya har aka zo kansa, ya ajiye ƙullin a kan teburin lokotoro ya tambaye ta ko yayarsa za ta iya ci.

"Me ta ce?" in ji Zainaba.

"Ta yi dariya har ta kifa kai a tebur. Ta ɗebi nata, ta ce a gaishe ki, ki ci amma kada ki cinye a zama ɗaya."

Zainaba ta karɓi ƙullin ta kwance, ta zaɓi mai taushi ta sa a baki. Sannan ta ce masa ya je ya wanke hannu, tuwonsa na nan a rufe.